Shagon Gyaran Jiki A Izom: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Zuba Jari

Izom, Jihar Neja. Matafiyin da ya bar Suleja ya nufi Minna da wuya ya tsaya a Izom, in ba don ya sha mai ko ya taya doya a bakin hanya ba. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Masarautar Suleja, daf da gadar kogin Gurara, kuma abin da aka fi saninsa da shi a waje shi ne tashar tura mai ta kamfanin NNPC da kwalejin kimiyya ta gwamnati. Amma wanda ya sauka daga mota ya shiga cikin gari, musamman a makonnin da ke gabanin azumi ko Kirsimeti, zai tarar da wata kasuwa da ba ta da rumfa ba ta da sarkin kasuwa, wato kai da kawon mata tsakanin gidan mai kitso da gidan mai ƙunshi. Amaryar da iyayenta ke da hali kuwa, akan sa ta a mota a kai ta Suleja, wani lokaci har Abuja, domin a yi mata gyaran jiki.

Wannan kuɗi da ke fita daga garin shi ne ya sa masu 'yan kuɗi a hannu ke tambaya ko buɗe ƙaramin shagon gyaran jiki a gari irin Izom zai biya. Yawancin masu wannan tambaya maza ne, 'yan kasuwa ko ma'aikata, masu son kafa wa mata ko ƙanwa ko 'ya abin yi. Amsar a taƙaice ita ce zai iya biya, amma ba ta hanyar da yawancin masu shiga sana'ar ke zato ba.

Darasi daga ƙasashen Turawa

Kafin mu shiga lissafi, yana da kyau mai karatu ya san labarin takwarar wannan sana'a a ƙasashen Turawa, domin a can an riga an ga farkonta an kuma ga inda ta kwana. Bature dai shi fatarsa yake so ta yi duhu, saboda a ganinsu wannan alama ce ta wanda ke da halin zuwa hutu a bakin teku. A shekarun 1970 ne aka ƙera wani gado a Jamus mai jerin fitilu sama da ƙasa, waɗanda ke fitar da irin hasken rana mai ƙona fata. Mutum ya biya kuɗi, ya kwanta na 'yan mintoci, ya tashi fatarsa ta rine. Kafin ƙarshen shekarun sana'ar ta tsallaka Amurka, ta kuma zama ɗaya daga cikin sana'o'in da ake kwaɗaita wa mai ƙaramin jari: hayar ɗaki, gadaje uku ko huɗu, ma'aikaci ɗaya, shi ke nan.

A watan Yulin 2009 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya saka waɗannan gadaje a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke haddasa kansa, rukunin da taba sigari take ciki, bayan an gano cewa wanda ya fara hawa gadon kafin ya kai shekara 30, haɗarin kamuwarsa da mummunar kansar fata yakan ƙaru da kashi 75 cikin 100. Daga nan sai gwamnatoci suka biyo baya. Brazil ta haramta gadajen a wannan shekara ta 2009. Amurka ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kowane ciniki daga watan Yulin 2010. Ingila ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga daga 2011. Yawancin jihohin Ostareliya kuwa sun rufe shagunan ɗungurungum daga 1 ga Janairun 2015. Wanda ya ci bashi ya sayi gadajen, sai ya wayi gari da injinan da doka ta hana shi kunna wa mai biya.

Babu mai hankalin da zai kawo irin wannan gado Izom, inda Allah ya hore rana kyauta, mutane kuma inuwa suke nema. Abin lura a labarin shi ne, duk sana'ar da aka gina ribarta a kan abin da ke cutar da jikin mai saye, jarinta yana hannun hukuma, kuma rana ɗaya ana iya rufe ta da sa hannun wani jami'i. Mu a nan muna da irin tamu, sai dai ta fuskanci wata alƙibla dabam: su suna biya su yi duhu, mu muna biya mu yi fari.

Abin da ake sayarwa

Gyaran jikin da muka sani a Arewa ya zo mana ne daga Sudan, ta Chadi da Maiduguri, a hannun matan Shuwa da Barebari, kuma har yanzu mai shagon da ta ce a Maiduguri ta koyo aiki takan fi samun amincewa. Rukunansa uku ne. Akwai halawa, wadda ake dafa sukari da lemun tsami da ruwa har su yi danƙo, a riƙa manna wa fata ana ɗagawa don cire gashi da dauɗa. Akwai dilka, curin da ake haɗawa da gari ko dankalin Turawa da kurkum da kanumfari da ɓawon lemu da mai da turare, a turara shi da hayaƙi, sannan a riƙa murza jiki da shi har mataccen saman fata ya fita. Sai kuma turaren jiki, wanda a Sudan ake kira dukhan, inda mace ke lulluɓa da bargo a kan hayaƙin itace mai ƙamshi. Abin sha'awa, wannan hayaƙi shi ma rina fata yake yi, ya ba ta wani launi mai ɗaukar ido, wato dai abin da Bature ke nema da fitila matan Sudan sun daɗe suna samu da itace. A kan waɗannan ne ake ƙara ƙunshi da kitso da wankin kai da sayar da humra da turaren wuta.

Ta fuskar tattalin arziki, kyawun wannan sana'a shi ne ba ta cin injina. Kasko da gawayi, tukwane, tabarma ko gadon kwanciya, zannuwa da tawul, madubi, kujeru, na'urar busar da gashi guda ɗaya. Jarin kayan aiki bai kai na injin niƙa ba. Yawancin abin da ake haɗawa kuma a ƙasar nan ake samunsa. Lalle yana zuwa daga jihohin can Arewa, kurkum daga kudancin Kaduna, turaruka daga Maiduguri da Kano, ƙananan kaya kuma ana samunsu a kasuwar Suleja. Man kaɗanya ma a gida yake, domin Jihar Neja ce kan gaba wajen samar da kaɗe a Nijeriya. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe zuwa waje na tsawon wata shida, da nufin a riƙa sarrafa shi a cikin gida. Mai shago a Izom tana iya ƙulla ciniki kai tsaye da matan ƙauyen da ke yin man, ta samu mai kyau ba gauraye, ba kuma tare da ladan dillali ba. Abin da ke bin farashin dala a cikin kayan, turaruka ne na waje da itacen sandal, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 su ne suka fi tashi.

Sai dai sana'ar da ba ta cin jari da yawa kowa yana iya shiga, kuma a nan ne matsalar take. Idan shago ya fara ciniki, ba a wata shida wata ta buɗe irinsa a layi na gaba, galibi ma yarinyar da ta koyi aiki a wurin. Saboda haka abin da ke riƙe mai ciniki shi ne hannun mai aiki da tsabtarta da riƙon sirrinta, tunda kasko da tawul kowa na iya saya.

Amare ba sa riƙe shago

Babban kuskuren masu shiga wannan sana'a shi ne gina lissafi a kan amare. Dalili a fili yake: amarya ɗaya takan biya abin da masu kitso da yawa ba za su biya ba, kuma hotonta ake gani a waya. Amma bari mu buga misali da alƙaluman da muka ƙaddara don saukin fahimta kawai. Mai karatu ya cire su ya sa na gaskiya bayan ya zaga gari ya tambaya.

A ƙaddara hayar wuri naira 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata. Mataimaka biyu, kowace 30,000, ya zama 60,000. Ruwa da gawayi da man janareto da kuɗin wuta, 50,000. Kuɗin ƙaramar hukuma da gyare-gyare da sabulu, 10,000. Jimla 140,000. Sai a ƙara albashin ita mai shagon, a ce 60,000, domin wadda ta wuni tana murza jikin mutane ba ta cire ladanta ba, ba ta san ko riba take ci ko ƙarfinta take sayarwa a banza ba. Ke nan kowane wata shagon yana bukatar naira 200,000 kafin a fara zancen riba, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

To, a ce amarya tana biyan 50,000, kayan da za a ɓatar a kanta kuma sun ci 20,000, saura 30,000. Idan da amare kaɗai aka dogara, sai an samu bakwai a kowane wata, watanni goma sha biyu ba fashi, sannan a fita kunya. A Kano ko Kaduna wannan ba wani abu ba ne. A Izom kuwa, inda yawancin dukiya ke fitowa daga gona, inda kuma wasu amaren za su ci gaba da tafiya Suleja ko da an buɗe musu shago a ƙofar gida, amare bakwai a watan Yuli mafarki ne.

Yanzu a juya lissafin. A ce ƙananan ayyuka, irin su kitso da wankin kai da ƙunshin hannu da gyaran ƙafa, kowane yana barin naira 1,000 bayan an cire kayan aiki, a kuma ce ana samun mutum biyar a rana cikin kwana 26. Wannan ya ba da 130,000. Saura 70,000 ke nan, wanda amare uku za su rufe har a samu rarar 20,000. Ashe ƙananan ayyukan da ake rainawa su ne ke biyan haya da albashi, amare kuma su ne ke kawo riba. Wanda zai buɗe shago a ƙaramin gari, gara ya fara neman gwanar kitso kafin gwanar dilka, in ba a samu mai haɗa biyun ba.

Akwai kuma wani rukuni da ake mantawa da shi, wato matan aure masu son gyara bayan wankan jego ko gabanin Sallah, da matan ma'aikata da malaman makaranta masu albashi. Tun da Gwamnatin Jihar Neja ta sanar da mafi ƙarancin albashi na naira 80,000 a ƙarshen 2024, ƙarshen wata ya zama lokacin da ya kamata mai shago ta sa ido a kai. Waɗannan ba sa biyan kuɗin amarya, amma suna dawowa, amarya kuwa sau ɗaya take zuwa.

Wannan rara ta 20,000 kuma ita ce za ta nuna mana hukuncin cin bashi. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sukan ɗora nasu a kai. Wanda ya ranci naira miliyan ɗaya a kan kashi 30 cikin 100, ruwan kaɗai 300,000 ne a shekara, wato 25,000 a wata, ban da uwar kuɗi. Ruwan ya cinye ribar har ya shiga albashin mai shago. Ko an ajiye batun haramcin riba gefe guda, lissafi kansa bai yarda ba. Adashi, ko gudummawar dangi, ko sayar da tunkiya, ko ciniki da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da TAJ, duk sun fi dacewa da wannan sana'a. Mafi sauƙi ma shi ne a fara da ɗaki guda a cikin gida, a bar zancen haya sai masu zuwa sun fi ƙarfin ɗakin.

Wuri da ruwa da wuta

Ɗan kasuwa ya saba da cewa shago a bakin titi ya fi ciniki. A wannan sana'a abin ya sha bamban. Mace ba za ta so ta fito daga turare, jiki duk mai, ta faɗa tsakiyar 'yan acaɓa da direbobin tanka ba, mijinta ma ba zai so ba. Wurin da ya dace shi ne cikin unguwa, mai katanga da zaure, mai banɗaki a ciki, inda mota za ta iya isa amma ba a zaman majalisa a ƙofarsa. Hayar irin wannan wuri ma ta fi sauƙi. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: namiji ba ya shiga, ko da shi ya zuba jarin. Ya karɓi lissafinsa a gida.

Ruwa ya fi wuta muhimmanci a nan. Kasancewar kogin Gurara a gefen gari bai sa ruwa ya shigo randar kowa ba, kuma wankan dilka da wankin kai da wankin zannuwa suna shan ruwa ƙwarai. Kafin a biya haya a tabbatar akwai rijiya ko burtsatse a gidan ko kusa da shi, a kuma tambayi maƙwabta yadda take a watan Maris da Afrilu, ba a watan Agusta ba. Wanda zai dogara da 'yan garuwa ya sa kuɗinsu a lissafi tun farko, da farashin bazara. Game da wuta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, janareto ya zama abokin tarayya mai cin rabonsa kafin kowa. Ƙaramar sola mai ɗaukar fitilu da fanka da cajin waya ta wadatar da yawancin aikin. A bar janareto don na'urar busar da gashi kaɗai, ruwan zafi kuma a dafa da gawayi ko gas.

Tilas a yi gargaɗi a kan hayaƙi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, amma tana kisa, haka ma janareto. Ɗakin turare ya zama mai taga a buɗe, janareto ya zauna a waje nesa da taga, kada kuma a bar mace ita kaɗai a cikin bargo. Mai ciki da mai ciwon asma da mai hawan jini, a ba su haƙuri.

Jarabar bilicin

Nan ne inda labarin gadon Turawa ya dawo. Ba za a yi wata guda da buɗe shago ba sai an samu wadda za ta ce ita fari take so, cikin mako ɗaya, kafin ranar ɗaurin aure. Dilka ta gaskiya ba ta mayar da baƙa fara. Tana fitar da dauɗa ne, fata ta yi laushi da sheƙi a kan launinta. Mai shagon da ke son burge irin wannan mai ciniki sai ta koma ga abin da ake kira haɗi, wato a zuba mayukan bilicin a cikin dilka ko sabulu ba tare da an faɗa wa mai jiki ba. Ribar tana da yawa, kuma wadda ta fara ba ta iya dainawa, domin da ta daina fatar takan koma ta fi da duhu. Ta fuskar ciniki zalla, wannan shi ne mai sayen da kowane ɗan kasuwa ke mafarki.

Amma ga abin da ke cikin haɗin. Akwai zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma ratsawa zuwa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono. Akwai sinadarin haidurokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafawa yakan bar baƙaƙen tabo da ba sa fita. Akwai kuma mayukan sitiroyid da likita ke rubutawa don cutar fata, waɗanda ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, rauni kuma ya ƙi warkewa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. Dokokin Hukumar NAFDAC na 2019 sun haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma hana haidurokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. A watan Fabrairun 2023, a wani taro a Kano, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. A wannan shekara kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, har da Nijeriya, suka amince a kawar da zaiba daga kayan kwalliya baki ɗaya. Kwaddibuwa da Ghana da Ruwanda sun riga sun kafa irin nasu takunkumin.

Wani zai ce jami'an hukuma ba za su zo lungun Izom ba. Mai yiwuwa ne su daɗe ba su zo ba. Sai dai a ƙaramin gari akwai hukuncin da ya fi na hukuma sauri. Amarya ɗaya ta fito da fuska a ƙone ranar kamu, kafin la'asar labari ya kai Lambata da Gawu Babangida, kuma babu tallan da zai goge shi. Haka batun baƙin lalle yake. Lallen ganye ja yake bayarwa ko ruwan ƙasa. Baƙin nan da ke kamawa cikin mintoci ana gauraya shi ne da rinin gashi, wanda jikin wasu ba ya ɗauka, sai hannu ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa. Mai shago ta gwada ɗigo ɗaya a bayan hannu kwana biyu kafin aiki, kada kuma ta yi wa ƙananan yara da shi sam.

Tsabta ba ta bukatar dogon bayani. Reza sabuwa ga kowace mace, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Tawul da zani a wanke a shanya a rana bayan kowace, saboda ƙyasbi da makero. Halawar da ta taɓa jikin wata ba ta komawa jikin wata.

Takardu da aljihu

Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC yanzu ana yin ta ta intanet, kuma da ita ake buɗe asusun banki da sunan shago. Ƙaramar hukuma tana da nata kuɗin izinin shago da na allon talla; a biya a karɓi rasit a adana. Wadda ke son ta riƙa zuba dilka ko humra a roba tana sayarwa da sunanta, ta sani cewa kayan kwalliya suna ƙarƙashin NAFDAC, kuma sai da lambar rajista. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa cewa shagon da ba ya karɓar taransifa yana iya wuni ba ciniki, don haka asusun shago ya zama dabam da na mai gida da na uwargida.

A nan zan ɗan taɓo abin da na gani a gidanmu. Wata 'yar uwata ta buɗe irin wannan wuri, gwana ce, ɗakinta ba ya rabuwa da mata, amma bai kai shekara biyu ba ta rufe. Da muka zauna da littafinta, sai muka tarar kusan duk wadda ta fi cin kaya 'yar dangi ce ko ƙawa ko 'yar maƙwabta, masu cewa a rubuta sai bayan biki. Bayan biki kuwa amarya ta tare a wani gari, uwarta kuma kunya ta hana a tambaye ta. Cefanen gida ma daga aljihun shagon yake fita duk ranar da mai gida ya makara. Maganin da na ga yana aiki shi ne a rubuta farashi a manna a bango, a karɓi rabin kuɗin amarya a matsayin kafin alƙalami ranar da aka tsayar da magana, sauran kuma a cika kafin rana ta ƙarshe. Idan za a yi wa 'yar uwa alheri, a yi shi da sani, a rubuta shi kyauta, a kuma ƙayyade sau nawa a shekara.

Kuɗin kafin alƙalami yana da wani amfani. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa ƙididdigar gwamnati. A irin wannan yanayi, wadda ta yanka farashi yau don bikin da za a yi bayan wata biyu, ta kuma jira sai lokacin ta sayi kaya, ita ce za ta biya bambancin. A sayi kayan ranar da aka karɓi kuɗin. Farashin aiki kuma a gina shi a kan abin da za a kashe wajen sake sayen kayan, ba abin da aka saye su a da ba.

Talla a yau ta koma WhatsApp da Instagram da TikTok, kuma ba ta cin kuɗi. Amma hoton hannu da ƙafa ya isa, kuma ko shi sai da izinin mai shi.

Kalanda biyu

Izom tana da wata dama da biranen can Arewa ba su da ita. Gwarawa da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu suna zaune tare, Musulmi da Kirista, saboda haka mai shago tana cin kasuwar Sallah biyu, tana kuma cin ta Kirsimeti da Ista, muddin ta iya irin kitso da kwalliyar da kowane ɓangare ke so, ta kuma ɗauki mataimakiya mai jin Gwaranci.

Sai dai a 'yan shekarun nan kalandun biyu sun matso kusa da juna. Azumin 2025 ya kama a farkon watan Maris, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya. Ma'ana, bukukuwan auren da ake gaggautawa kafin azumi suna faɗowa ne daf da na Disamba, a daidai lokacin da manomi ya sayar da doya da masara da shinkafa yana da kuɗi a hannu. Ciniki zai taru a 'yan watanni, daga Nuwamba zuwa Ƙaramar Sallah, ya ɗan farfaɗo a Babbar Sallah, sannan a shiga doguwar damina, lokacin da kuɗi ke komawa taki da ladan 'yan ƙwadago, mata da yawa kuma suna gona.

Wanda ya yanke shawarar shiga, ya tura wadda za ta riƙe shagon koyon aiki tun farkon damina, wurin gwanar da aka sani a Suleja ko Kaduna ko Maiduguri, ta yi aƙalla wata huɗu zuwa shida. A kama wuri a watan Satumba, a buɗe a Oktoba, domin a samu makonnin gwaji da ƙananan ayyuka kafin amare su fara zuwa. Hayar shekara mai zuwa da albashin mataimaka na watannin Yuni zuwa Satumba kuma, daga cinikin wannan kaka za a ware su a ajiye a asusun shago, tun kafin a taɓa ko kwabo da sunan riba.